Minti 15 Na Gwaggo

Duk wanda ya san ni ya san ba na tafiya sai da takarda. Ko Daura za ni ɗaurin aure, sai na zauna da daddare na yagi fallen littafi na rubuta ƙarfe nawa zan tashi, ina zan sha mai, ina zan tsaya salla, ƙarfe nawa zan juyo. Maiɗakina har ta gaji da yi mini dariya. Gado na yi, domin haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gwamnati na shekara 35, agogo a hannun hagu, biro a aljihun gaba. Yana cikin ma'aikatan da aka maido gida daga Kaduna lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987, aka ba shi gida a G.R.A., wanda daga baya ya saya, kuma a cikinsa ya cika a farkon 2024. Labarin da zan bayar na ɗaya daga cikin takardun nan nawa ne, wadda na rubuta daren da aka yi addu'ar bakwai ɗinsa.

Amma kafin in kai ga takardar, sai na faɗi wani abu game da gidanmu wanda ba kowa ya sani ba, ba don muna ɓoyewa ba, sai don ba a saba tayar da zancen ba. Kakanmu manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Kafur, kusa da Malumfashi, cikin Hausawan nan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda ake ce wa Maguzawa. 'Ya'yansa biyu ne suka yi boko. Babban, wato mahaifina, ya musulunta yana saurayi a zamanin da Sardauna ke zagayen musuluntarwa, wajejen 1964. Ƙanwarsa kuwa makarantar mishan ta shiga, ta zama 'yar Katolika, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Ita ce Gwaggo. Irin wannan gida ba baƙon abu ba ne a kudancin Katsina, domin akwai tsakar gidan da za ka ga buta da carbi a wannan ɗaki, littafin waƙoƙin coci a wancan, tukunyar tuwo kuwa ɗaya ce. Mu ne dai da muka tashi a G.R.A. cikin inuwar bedi da dogayen katangu muka ɗauki abin kamar tsohon tabo da riga ta rufe.

Ranar Talata Baba ya rasu, washegari Gwaggo ta iso daga Abuja, inda take zaune wajen 'yarta a Kubwa. Ta yafa mayafinta ta shige cikin mata, ta zauna kusa da mahaifiyata tana amsar gaisuwa. In an yi addu'a ta ɗaga hannu ta ce amin, in an tashi salla ta matsa gefe ta riƙe wa masu goyo jarirai. Da yawa cikin masu zuwa gaisuwa sun tafi ba su san komai ba, har da masu ce mata Hajiya, ita kuwa ta amsa. Kwana shida ta yi a haka. A cikin kwana shidan nan akwai Lahadi, ta zo ta wuce, kuma wallahi ko a raina ban kawo cewa akwai inda ya kamata a kai ta ba. Ni da nake ƙirga buhunan ruwa da kujerun haya har da na gobe.

Maganar komawarta kuwa an riga an gama ta. An yi mata aikin yanar ido ɗaya, likita ya ba ta safiyar Laraba don a duba na biyun a sa ranar aiki. 'Yarta, wadda taubashiyata ce, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ta saya mata tikitin jirgin ƙasa ta intanet, na ranar Talata ƙarfe 2:00 na rana daga Rigasa. Ta kuma kafa mini sharaɗi a waya, ta ce, "Kai bawana, ka kai mini uwa tasha da hannunka. Ban yarda a sa ta mota daga Kaduna zuwa Abuja ba." Na ce mata ai jirgin ma an tare shi a watan Maris na 2022, har ya yi wata takwas ba ya aiki. Ta ce ta sani, duk da haka hankalinta ya fi kwanciya da shi. Ban ja ba, don uwarta ce.

To, da yake babu jirgin ƙasa a birnin Katsina, wanda duk zai hau na Abuja sai ya fara cin doguwar hanya a mota. Titin dogon da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, wanda zai taso daga Kano ya ratsa Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, a lokacin ƙasa kawai ake ta tarawa ana gina gadoji. Saboda haka daren Litinin, bayan baƙi sun watse, na jawo takarda na zauna a barandar Baba. Daga Katsina zuwa Kaduna ta Malumfashi da Funtuwa na ba shi awa 5 da rabi, don na san motata kuma na san hanyar. Ina so mu kasance a tasha ƙarfe 1:00 saboda layin bincike da duba katin ɗan ƙasa. Karin kumallo a Funtuwa, minti 20. In mun tashi ƙarfe 7:00 daidai, akwai rarar minti 10. Na ja layi a ƙasa, na ji daɗin aikina.

Ina cikin haka sai na ji takun silifas. Gwaggo ce, ta jawo kujerar roba ta zauna, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗan Yaya, mi kake rubutu?" Na karanta mata. Ta gyaɗa kai, sannan ta ce, cikin irin muryar da ake roƙon gishiri a maƙwabta, "In da hali, ka biya da ni cocinmu kafin mu ɗau hanya. An ce an ba mu Bishop, Bahaushe ɗan'uwanmu, an kafa masa kujera a nan Katsina. Lokacin bikin ina kwance da ido. Ina so in ga kujerar da wanda ya rage mini."

Abin da take nufi, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne a watan Oktoba na 2023 marigayi Paparoma Francis ya yanke Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato, inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake, ya mai da ita yanki mai cin gashin kansa, ya naɗa Gerald Mamman Musa ya zama Bishop ɗinta na farko, aka yi bikin keɓe shi a watan Disamba. Shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Duk wannan ya faru a garin da nake kwana nake tashi, tafiyar da ba ta kai minti 10 a mota daga ƙofar gidanmu ba, amma ni dai abin da na iya tunawa shi ne wata rana a watan Disamba an yi cunkoson motoci masu baƙin lambobi, na yi tsaki na sauya hanya.

Na ce mata babu komai, Gwaggo. Na koma kan takarda na matsa lokacin fita zuwa 6:30, na rubuta a saman jerin: "Coci, 6:40 zuwa 6:55." Ta miƙo hannu ta karɓa, ta kai ta dab da idonta mai lafiya, ta karanta, ta maido mini. Ta ce Allah ya kai mu.

Mai karatu, bari in tona wa kaina asiri a nan. Ba wannan ne karo na farko da na tsara wa baƙo ziyara a Katsina ba. Duk abokin da ya zo daga Kano ko Legas sai na kai shi Hasumiyar Gobarau, kuma ban taɓa ba ta ƙasa da awa guda ba: a nemo mai makulli, a hau matakala a hankali, a tsaya a sama a kalli gari, ni kuma ina zuba bayanin Muhammadu Korau da malaman da suka yi karatu a wurin kamar da ni aka yi. Tsohuwar Kwalejin Katsina ma, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, awa guda nake ba ta. Da na zo kan abin da ƙanwar ubana ta roƙa, abu ɗaya tak cikin kwana shida, sai na auna shi da ma'aunin shiga kanti sayen burodi. A lissafina, kujera ce za a kalla, minti nawa kallon kujera zai ci?

Da asuba hazo ya sauko, ga sanyi. Na dawo masallaci na tarar har ta shirya, jakarta a bakin ƙofa, ta yi sallama da mahaifiyata sun sha kukansu. Ƙarfe 6:40 muna ƙofar cocin, ban yi kuskuren ko minti ɗaya ba. Masu gadi suka leƙa motar suka duba but, kamar yadda ake yi a wuraren ibada da yawa tun shekarun tashin bama-bamai, na ce musu ni a waje zan jira. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ana sujadar safe a ranakun aiki ma, ba Lahadi kaɗai ba. Muna isa ana tsakiyarta. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta ta shiga, tafiyarta har ta sauya, kamar an rage mata shekara goma.

Ƙarfe 6:55 ta yi, na ce to ai ba ta fito ana cikin ibada ba. Ƙarfe 7:05 mutane suka fara fitowa, ma'aikatan asibiti da fararen kaya, 'yan kasuwa, wasu tsofaffi biyu suna gaisawa da Hausar da ta fi tawa. Babu Gwaggo. Na soke karin kumallon Funtuwa da biro. Ƙarfe 7:15 na soke rarar minti 10. Ƙarfe 7:20, Allah ya yafe mini, na ɗora hannu na danna hon, sau biyu. Maigadin ya waiwayo ya dube ni, bai ce uffan ba, ni ma na ji kunyar kaina, amma kunyar ba ta hana ni duban agogo ba.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na fito na nufi ƙofar. Na san cikin masu karatu akwai wanda tuni ya ɗaure fuska. To ni dai ban je yin ibada ba kuma ban yi ba, tsohuwa na je kira, kuma da addinina na shiga da shi na fito. A bakin ƙofa na sunkuya zan cire takalmi, don abin da jikina ya saba ke nan. Wani saurayi da ke shara ya yi murmushi ya ce, "Alhaji bar takalminka, mu nan hula maza ke cirewa." Na tsaya riƙe da takalmi ɗaya a hannu, na rasa wanda zan bi, daga ƙarshe na mayar da takalmin, hular kuma na bar ta a kaina, na toge daga bakin ƙofa. Bai matsa mini ba.

Daga nan na hango ta. Ba ta ma kusa da kujerar. Tana can benci na baya-baya ita kaɗai, a zaune ba a durƙushe ba saboda gwiwa, carbinta mai gicciye a hannu, bakinta na motsi. Na tambayi mai sharar ina kujerar Bishop ɗin, ya nuna mini can gaba. Kujera ce dai. Ni da na ji an ce "katidiral" hotunan da ke zuwa mini su ne irin na Turai, kamar na birnin Kolon a Jamus da aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880, mai hasumiya sama da mita 150. Ashe girman gini ba shi ke ba coci wannan suna ba. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta kujera, wato duk cocin da aka ajiye kujerar Bishop a cikinsa shi ne babban cocin yankin, ko da ginin jiya da na yau ɗaya ne. Kamar dai yadda gida ke zama fada ranar da aka naɗa mai shi.

Na buɗe baki zan kira ta, sai na ga kafaɗunta na rawa. Kwana shida tana cikin mata tana ba wasu haƙuri, ban ga ta yi irin wannan kukan ba. Na koma mota na zauna. Ƙarfe 7:50 ta fito.

Ba wanda ya yi magana har muka fita ta Ƙofar Ƙaura muka ɗauki hanyar Kano. Sai wajen Charanchi ta buɗe ɗan littafin addu'arta ta zaro wani kati da ya tsufa ta nuna mini, hoton wani baƙin mutum da doguwar riga, riƙe da tsintsiya. Ta ce shi ne mai sunan cocin, Martin de Porres, mutumin Lima ta ƙasar Peru, ubansa Bature ɗan Sifen, uwarsa baiwa ce da aka 'yanta, jinin Afirka. Ta ce shara da jinyar marasa lafiya ya yi ta yi har ya mutu a 1639, kuma tana 'yar makaranta aka sa shi cikin waliyyansu, a 1962, Fada ya raba musu alewa. Na ce ikon Allah, hankalina na kan allurar gudu.

Ta mayar da katin, ta rufe littafin, sannan ta ce, "Na ji hon ɗinka."

Na ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, lokaci ne na ga yana tafiya."

Ta ce, "Ai ban ce ka yi laifi ba. Yaya ne dai bai taɓa danna mini ba."

Na rage gudu ban sani ba. Na ce wane Yayan? Ta dube ni da idon nan guda kamar mai mamakin wautata. Ta ce tun daga 1987, duk zuwan da ta yi Katsina in Lahadi ta riske ta, shi ke kawo ta nan da kansa. Ya ajiye motar can gefen titi ƙarƙashin bishiya, ya buɗe Gaskiya Ta Fi Kwabo ko ya kama jan carbinsa, awa biyu, wani lokaci har da rabi in akwai baftisma. In ta fito ya ce, "An gama?" ta ce an gama, ya tada mota. Ba su taɓa yin zancen da ya wuce haka a kai ba, shekara talatin da wani abu.

Sai abin ya faɗo mini. Muna yara, in Gwaggo ta zo, da safiyar Lahadi Baba kan ɗauki makullin fijo ya ce za su gaishe-gaishe cikin gari, kuma ko mun yi kuka ba a zuwa da mu. Mutumin da in ka makara minti biyar wajen tafiya Islamiyya sai ka sha ranƙwashi, mutumin da ya taɓa barin yayata a gida ranar Salla don ta tsaya ɗaurin ɗankwali. Ta ce, "Yau bencin da nake hango motarsa ta taga na zauna. Na yi masa addu'a irin tawa, da sunan da Innarmu ke kiran shi. Ku kun yi taku kwana bakwai, ban hana ku ba." Ban sami abin cewa ba, na yi kamar hazo ne ya sa nake murza ido.

Muka karya kwana a Gidan Mutum Ɗaya muka nufi Malumfashi. Da muka iso ta nuna mini hanyar da ke shiga ƙauyensu, ta ce yanzu ko da rana ba kowa ke bin ta ba saboda 'yan bindiga, gonar kakanmu ma shekara biyu ba a noma ta ba. A Funtuwa muka tsallaka tsohon titin dogo, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda tun 1929. Ta ce a nan ta fara hawa jirgi, Yaya ya riƙe mata akwatin ƙarfe a ka, jirgin ya yi lattin yini guda, suka kwana a tasha suna cin rake. Ban tsaya karin kumallo ba, ƙosai na saya ta taga. Da na sake lissafi a raina sai na ga in ba wata matsala za mu shiga Rigasa 1:20, da sauran dama.

Matsalar tana jiranmu gab da Giwa. Tirela ce ɗauke da buhunan masara ta kwanta a tsakiyar titi, motoci sun yi layi, masu gaggawa sun buɗe layi na biyu da na uku sun toshe masu tahowa. Minti 45 muka yi a wurin. Na fita na shiga, na fita na shiga. Gwaggo kuwa barcinta ta yi. Daga Zariya zuwa Jaji na yi gudun da ban taɓa yi da tsoho a mota ba, na bi ta Mando, na kutsa cikin 'yan Keke Napep na Rigasa ina ta hon, wannan karon babu kunya. Muna shiga harabar tasha ƙarfe 2:10. Jirgin ya tashi a kan lokacinsa, ba shi da laifin kowa, wani ɗan dako ya nuna mana bayansa da hannu.

Kafin in kashe mota wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce, kuma yau babu wasa a muryarta. Na ce mata tirela ce ta faɗi a Giwa, wanda gaskiya ne, kuma na yi niyyar tsayawa a nan. Ta fara faɗa, ta ce ta san halina da takarda, ina rarar da nake bari, ta san wahalar da ta sha kafin ta sami ganin likitan nan? Gwaggo ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta ce, "Ke, rage murya. Ni na tsayar da mu. Wajen kawunki na tsaya." Aka yi shiru a ɗaya gefen, sannan na ji an ce to Mama, a hankali.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kuɗin tikiti ya tafi, ganin likita ya koma sai bayan mako biyar, aikin idon kuma sai bayan Ƙaramar Salla, duk tsawon lokacin tana lalube da ido ɗaya. Muka kwana gidan wani abokin aikin Baba a Unguwar Rimi, aka samo mata tikitin jirgin safe. Na rama sallolina, na kwanta ban rubuta komai ba.

Da safe a tasha, an fara kiran fasinja, na riƙe mata jaka har inda aka yarda mai rakiya ya kai. Ta ce, "Ɗan Yaya, ina takardar jiya?" Na lalubo ta a aljihu duk ta yamutse, ga soke-soken biro. Na ce me za ki yi da ita, Gwaggo, ai ta ɓaci. Ta ce ba lissafin take so ba, rubutun ne, wai yadda nake ja wa bakwai ɗina sanda a tsakiya sak na Yaya. Ta ninke ta huɗu ta sa cikin littafin addu'arta, wajen katin mai tsintsiya, ta bi layi. Na tsaya har jirgin ya tashi, sannan na je neman inda zan sha mai.